Injin Akori-Kura da Jan Tirela a Amurka, Daga 1973 Zuwa Hawan Davis Dam

A Amurka aikin motar akori-kura bai tsaya ga ɗaukar kaya a bayanta ba. Makiyayi yana ɗaura mata tirelar shanu ko ta dawaki, ɗan kwangila yana jan injin haƙa da ita, magidanci kuma yana jan ɗakin kwana mai taya ya tafi hutu da iyalinsa. Tirelar da ake nufi a nan ba babbar motar nan da Hausawa ke kira tirela ba ce. Akwati ne mai taya, marar inji, wanda ake sarƙafawa a bayan mota. Abin da ya daɗe yana damun mai saye shi ne injin da zai ja wannan nauyi ya hau dutse bai yi zafi ba, bai kuma talauta mai shi ba.

A farkon shekarun 1970 babu gardama a kan haka. Babban injin fetur mai silinda takwas, wato V8, shi ne abin nema: Chevrolet na da mai lita 7.4, Ford na da mai lita 7.5. Suna shan mai ba ƙaƙƙautawa, amma fetur na da araha. A watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka daina sayar wa Amurka, kuma cikin 'yan watanni kuɗin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu. Nan hankali ya koma kan dizal, wanda a Najeriya ake ce wa man gas, a Nijar kuma gazuwal.

General Motors ya yi gaggawa, gaggawar kuwa ta ja masa asara. A 1978 ya fito da injin dizal na Oldsmobile mai lita 5.7, wanda aka gina bisa zanen injin fetur. Shi dizal ba ya amfani da fulogi wajen kunna mai; iska ake matsewa har ta yi zafin da mai zai kama da kansa, kuma matsin ya fi ninkin na injin fetur na lokacin. Kusoshin da ke riƙe da kan injin ba su jure ba, gaskit ya riƙa ƙonewa, ga shi ba a sa abin da zai raba ruwa da mai ba. Masu motoci suka kai ƙara kotu, sunan dizal ya ɓaci na tsawon shekaru.

Darasin da kamfanoni suka ɗauka shi ne su nemi maƙeran da dizal ne sana'arsu. A 1982 General Motors ya sa injin Detroit Diesel mai lita 6.2, a 1983 Ford ya karɓi mai lita 6.9 daga International Harvester. Amma wanda ya sauya lissafin gaba ɗaya shi ne injin Cummins mai lita 5.9 da Dodge ya sa a 1989. Silinda shida ne a jere, yana da turbo, kuma asalinsa na tarakta ne da motocin ɗaukar kaya. A takarda ƙarfinsa na dawaki 160 ne, alhali manyan V8 na fetur sun haura 200. Wanda ya tsaya ga wannan adadi zai raina shi. Sai dai ƙarfin doki yana nuna yawan aikin da inji ke yi idan ya sami gudu, tayar da kaya daga tsaye kuwa ƙarfin murɗa yake bukata. Na Cummins ya kai 400 a ma'aunin Amurka na fam-ƙafa tun inji yana juyi 1,700 a minti ɗaya. Ya zarce sauran dizal biyun, ya yi kafaɗa da kafaɗa da babban V8, da mai kaɗan kuma ba tare da ruri ba. Ga amfanin turbo a kan tsaunuka: injin da ba shi da shi yana rasa kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, domin iska tana raguwa.

Daga nan tsere ya ɓarke. Ford ya kawo Power Stroke a 1994, General Motors ya haɗa hannu da Isuzu na Japan suka fito da Duramax a 2001, a 2019 kuma Cummins ya taɓa fam-ƙafa 1,000.

Matsalar wannan tsere ita ce kowane kamfani shi ne alƙalin kansa. Yana iya auna motar da aka rage wa nauyi, direba kaɗai a ciki, ya buga adadin abin da za ta ja a talla. Mai saye da ya gaskata ya ɗauki iyali da kaya, yana iya tsintar kansa a gefen dutse lagireto na tafasa, ko a gangara birki ya yi zafi ya saki. A 2008 ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ta fitar da ƙa'ida mai lamba J2807. Jigonta hanya ce a jihar Arizona, kusa da madatsar ruwa ta Davis Dam, mai hawan kusan kilomita 18. Dole zafin rana ya kai digiri 38, na'urar sanyaya mota na aiki iyakar ƙarfinta, gudun motar da ke da taya ɗaiɗai a baya kada ya gaza kilomita 64 a awa, kuma kada fitilar gargaɗi ta kama ko ruwan inji ya zube. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Toyota ya fara bin ƙa'idar a 2011, adadin da yake talla da shi ya ragu. Ford da General Motors da Ram suka yi ta jan ƙafa sai a motocinsu na 2015.

A tsakanin nan fetur ya farfaɗo. Dokokin hayaƙi na 2007 da 2010 sun tilasta wa dizal matatar toka da wani ruwa na musamman da ake fesawa a salansa, gyara ya yi tsada, kuma injin kansa yana ƙara wa mota kuɗi kusan dala dubu goma. A 2011 Ford ya sa wa F-150 ƙaramin injin fetur mai lita 3.5 da turbo biyu, EcoBoost, mai fam-ƙafa 420, fiye da Cummins na 1989. Ba ya shan mai sosai idan mota ba kaya, amma da an ɗaura tirela yakan sha kamar V8. Akwai kuma abin da talla ba ta cika faɗi ba: injin dizal ya fi nauyi, nauyin kuwa daga rabon kayan da mota za ta ɗauka ake cire shi, ga kashi goma zuwa sha biyar cikin ɗari na nauyin tirela yana danne bayan motar. Shi ya sa mai jan shanu kowane mako yake mayar da kuɗin dizal, mai fita hutu sau uku a shekara kuwa da wuya.

A 2022 Ford ya fito da motar lantarki, F-150 Lightning. Ƙarfin murɗarta yana nan tun taya ba ta motsa ba, hawa ba ya ba ta wuya. Amma idan aka ɗaura mata tirela mai nauyi, tafiyar da caji ɗaya ke yi tana raguwa da rabi ko fiye, kuma yawancin wuraren caji an gina su ne yadda sai direba ya kwance tirelar kafin ya shiga.