Wa Ya Ce Ninkawa Ta Riga Tarawa?

Bayan sallar isha'i, yaro ya ajiye littafin jinga a gaban yayarsa: "Yaya, 2 + 3 × 4 nawa ne?" Ta ƙirga daga hagu, ta ce 20. Washegari malam ya soke da jan biro, ya rubuta 14. Dalilinsa shi ne BODMAS, kalmar da ɗaliban Najeriya ke haddacewa tun firamare: a fara da abin da ke cikin baka, sannan rabawa da ninkawa, kafin tarawa da ɗebewa. A Amurka PEMDAS suke cewa.

Wannan ƙa'ida ba ta da tsufan da ake zato. Lokacin da Alkhawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, babu alamar lissafi a cikinsa. Da jimloli ya bayyana komai, kuma jimla da kanta take nuna abin da za a fara yi. Ɗan kasuwar Kurmi ma haka yake. Idan ya ce "mudu uku a kan naira dubu huɗu-huɗu, da dubu biyu kuɗin dako", babu mai haɗa kuɗin dako da adadin mudu kafin ya ninka.

Rikicin ya zo ne da alamomi. Johannes Widmann ya buga + da − a Jamus a 1489. Robert Recorde ya kawo = a 1557. William Oughtred ya yaɗa × a 1631, sannan ÷ ta fito a littafin Johann Rahn na Suwizalan a 1659. Rubutu ya taƙaita, amma bayanin da jimla ke ɗauke da shi ya ɓace, dole aka nemi yarjejeniya.

Fifita ninkawa a kan tarawa ya zauna da wuri, domin masu aljabara sun saba da shi. Tsakanin ninkawa da rabawa ne aka daɗe ana ja-in-ja. Har a 1928, masanin tarihin lissafi Florian Cajori ya rubuta cewa ba a cim ma matsaya ba.

Burbushin wannan saɓani na nan. A 2019 tambayar 8 ÷ 2(2+2) ta raba kan jama'a a Twitter, wasu na cewa 16, wasu 1. Laifin na wanda ya rubuta tambayar ne, domin ƙarin baka guda da ya kashe gardamar. Ƙaramar kalkuletar shago ma takan ba da 20 a tambayar yaron nan, ta kimiyya kuma 14.

Inda haddar BODMAS ta fi cutar da yara shi ne zaton cewa rabawa na gaban ninkawa, ko tarawa na gaban ɗebewa, saboda jerin haruffan. Matsayinsu ɗaya ne, daga hagu ake bin su. Mai taya yaro jinga ya gwada shi da 10 − 4 + 3: amsar 9 ce, ba 3 ba.