Rai Madawwami: Abin Da Kiristanci Ke Koyarwa Game Da Makomar Masu Bi

A Jangebe da sauran garuruwan Talata Mafara, Bakura da Maradun, Musulmi ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Kiristocin da ake cuɗanya da su galibi 'yan kasuwa ne, malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, jami'an tsaro da masu yi wa ƙasa hidima. Manyan majami'unsu suna Gusau, inda ɗarikar Angalika ke da dayosis nata, 'yan Katolika kuwa suna ƙarƙashin Dayosis na Sakkwato da Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagoranta tun 2011. Amma rasuwa ba ta tambayar addini. Musulmin da ya je yi wa abokin aikinsa Kirista gaisuwar mutuwa zai ji kalmomin da ya saba da su, irin su Firdausi, tashin matattu da ranar shari'a, sai ya ɗauka abu ɗaya ake nufi. Akwai kamanni, amma akwai bambanci mai zurfi.

Wannan tarayyar kalmomi tana da tarihi. Wani mishan Bajamushe, J. F. Schön, ya fitar da Sabon Alkawari da Hausa a 1880. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya da Wusasa ya taka babbar rawa a cikinsa. Masu fassara sun tarar da harshen da ya riga ya ɗauki kalmomin addini daga Larabci, don haka suka yi amfani da sura, aya, annabi da mala'ika. Ita kalmar Firdausi asalinta na Farisa ne, ma'anarta lambun da aka kewaye da katanga, kuma daga can ta shiga Girkanci da Larabci. Sau uku kacal ta zo a Sabon Alkawari, wanda aka fi sani shi ne na Luka sura 23, inda Kiristoci suka yi imani cewa Yesu ya yi wa wani mai laifi da ya tuba alkawarinta a kan gicciye. Har kalmar bege tana iya rikita baƙo: a bakin Musulmi shauƙin Manzon Allah (SAW) ne, a bakin Kirista kuwa sa zuciya ce ga alkawarin Allah.

Mutane da yawa, har cikin Kiristocin kansu, suna zaton iyakar koyarwar ita ce rai ya rabu da jiki ya tafi sama. Tsohuwar koyarwar ta wuce nan. Shahadar bangaskiya da aka tabbatar a taron Kustantiniya a shekarar 381, wadda Katolika, Angalika da ikilisiyoyin Gabas ke karantawa har yau, ta ƙare ne da jiran tashin matattu da rayuwar zamani mai zuwa. Wato mataki biyu ne. Na farko, mai bi da ya mutu yana wurin Almasihu yana hutawa, shi ya sa ake cewa ya yi barci. Na biyu, ranar da Almasihu zai komo, za a ta da jiki, a yi shari'a, a sabunta halitta baki ɗaya.

Manzo Bulus ya yi bayanin jikin nan a wasiƙarsa ta farko ga Korintiyawa, sura 15, da misalin da duk manomin da ke noma a bakin madatsar Bakolori zai gane. Ƙwayar da aka binne a rami ba ita ce ke fitowa da kamanninta ba, amma abin da ya tsiro daga gare ta yake. Haka jikin da aka binne cikin rauni da ruɓewa zai tashi da ƙarfi, ba ya sake lalacewa. A wurin Bulus, komai ya rataya ne a kan tashin Yesu daga matattu, har ya nuna cewa in babu shi, bangaskiyar ta zama banza. A nan ne hanya ta rabu da aƙidar Musulunci, wadda ta ce ba a kashe Annabi Isa (AS) ba, ba a kuma gicciye shi ba, ko da yake ɓangarorin biyu suna jiran dawowarsa.

Siffar gidan ƙarshe tana cikin surori biyu na ƙarshe na Wahayin Yahaya, 21 da 22. Abin lura shi ne, a can ba mutane ne ke hawa sama ba, birnin ne ke saukowa: Sabuwar Urushalima, cikin sabuwar sama da sabuwar ƙasa. An ba ta ƙofofi 12 na lu'ulu'u, da tsawon da ya kai kimanin kilomita 2,200 a kowane gefe, da kogin ruwan rai, da itacen da ke ba da 'ya'ya kowane wata. Babu mutuwa, babu kuka, babu dare, babu ma haikali, domin Allah da kansa yana zaune tare da mutanensa. Malamai da dama suna ɗaukar zinariyar da ma'aunin a matsayin ishara, wasu kuma suna karanta su a zahiri. Babbar ni'imar dai ita ce ganin Allah. Waliyyi Agustin, bishop ɗin Hippo da ke Aljeriya ta yau, da wannan batu ya rufe littafinsa kan birnin Allah a wajen shekarar 426. Aure kuwa babu shi: a Matiyu sura 22, da Sadukiyawa suka kawo tambayar matar da ta auri 'yan'uwa bakwai bi da bi, amsar ita ce waɗanda aka tasa za su zama kamar mala'iku.

Wa zai shiga? Nan ne aka fi jayayya. Ikilisiyoyin da suka biyo gyaran da Martin Luther ya fara a 1517, ciki har da ECWA wadda ta fito daga mishan ɗin SIM a 1954, suna dogara da Afisawa sura 2 cewa ceto kyauta ce ta alherin Allah ta wurin bangaskiya, ba ladan aiki ba. Katolika ta yarda alheri ne tushe, amma tana jaddada wasiƙar Yakubu da ta kira bangaskiya marar aiki matacciya, da Matiyu sura 25 inda aka auna mutane da yadda suka ciyar da mayunwaci, suka karɓi baƙo, suka ziyarci ɗan kurkuku. Tana kuma koyar da matsayin tsarkakewa bayan mutuwa ga wanda ya cika cikin alheri da sauran dauɗar zunubi, koyarwar da taron Trento ya tabbatar a 1563. Shi ya sa ɗan Katolika ke yi wa mamatansa addu'a, musamman ranar 2 ga Nuwamba, alhali ɗan ECWA ko Baftis yana yi wa iyalan da aka bari ne kawai. Mai zuwa gaisuwa da ya san wannan ba zai yi mamakin shirun da zai iya biyo bayan roƙa wa mamaci gafara a wani gidan ba.

Akwai ƙungiyoyin da suka bi wata hanya dabam. Masu kiyaye Asabar suna cewa matattu ba su san komai ba har ranar tashi. Shaidun Jehobah suna koyar da cewa mutum 144,000 ne kaɗai za su je sama, sauran masu adalci kuma su zauna a duniyar nan bayan ta zama aljanna. Shekaru 1,000 na mulkin Almasihu da aka ambata a Wahayi sura 20 su ma sun raba malamai, tsakanin masu jiran su a zahiri da masu ganin ishara ce ga zamanin ikilisiya.

Game da lokaci, Markus sura 13 ta rufe ƙofar lissafi, ta nuna ko mala'iku ba su san ranar ba. Hakan bai hana gwadawa ba. A Amurka, mabiyan wani mai wa'azi William Miller sun tsayar da ranar 22 ga Oktoba, 1844, wasunsu har suka bar amfanin gona ba su girbe ba. Gari ya waye kamar kullum, kuma daga cikin waɗanda suka rage ne ɗarikar masu kiyaye Asabar ta kafu a 1863.