Ƴar tsanar da ta sa iyaye dambe a Amurka

A ƙarshen shekarar 1983, ana shirin bikin Kirsimeti, iyaye a Amurka suka riƙa kwana a bakin kantuna saboda wata ƴar tsana mai suna Cabbage Patch Kids. A garin Wilkes-Barre, turmutsutsun ya kai har wata mata ta karye a ƙafa.

Mafarin abin wani saurayi ne, Xavier Roberts, ɗan jihar Jojiya, wanda ya fara ɗinka su da tsumma wajen 1977. Wata mai sana'ar hannu, Martha Nelson Thomas, ta kai shi kotu cewa dabararta ya ɗauka; daga baya suka sasanta. A 1982 kamfanin Coleco ya karɓi izinin ƙera su da yawa.

Dabarar cinikin ita ce kowace tana da sunanta, da kamanninta, da takardar haihuwa, da takardar riƙo. Yaro ba ya cewa an sayo masa abin wasa, cewa yake ya samu ɗiya. Da kaya suka yi ƙaranci, ƴan kasuwa suka ninka kuɗin, wanda bai samu ba ya ga kamar ya kasa wa ɗansa.

Cinikin ya kai wajen dalar Amurka miliyan 600 a 1985. Daga nan yayi ya wuce, a 1988 Coleco ya karye.

Ni da nake koyarwa a lakwal, na san kukan "kowa yana da shi sai ni". Iyaye, kafin ku ci bashi saboda wannan kuka, ku tuna cewa shekara biyar kawai wancan yayi ya yi.