Tarihin Koyon Rubutacciyar Waƙa a Ƙasar Hausa: Daga Zauren Malam Zuwa Wayar Hannu

Rubutacciyar waƙa, wato waƙar da ake tsarawa a takarda bisa ma'aunin kari da amsa-amo sannan a rera ta ba tare da kiɗa ba, tana daga cikin tsofaffin sassan adabin Hausa da aka adana a rubuce. Sunayen manyan mawallafanta sanannu ne ga duk wanda ya ratsa ajin Hausa, amma kowane ɗaya daga cikinsu ya taɓa zama ɗan koyo, kuma hanyar da ɗan koyo yake bi har ya iya ɗaura baiti, ya fahimci na wani, ya kuma isar da nasa ga jama'a, tana da nata tarihin. Wannan tarihi yana nuna cewa kayan rubutu da na yaɗawa sun sauya sau da yawa, alhali abubuwan da suke mayar da ɗan koyo sha'iri ba su sauya ba: kunnen da ya saba da kari, da wanda zai gyara masa, da jama'ar da za ta saurare shi.

Makarantar farko ta wannan fanni ita ce zauren malam, inda ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo yake shiga karatun littattafai. Da yawa daga cikin littattafan da ake karantawa a nan waƙaƙƙu ne, kamar Ishiriniya ta Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, da Burda ta Busiri, da Alfiyyar Ibnu Malik wadda ta tattara nahawun Larabci cikin baitoci kusan dubu, da kuma waƙoƙin Larabawan jahiliyya da ake kira Shu'ara. Ɗalibi yakan ja baƙi, malam ya bi shi da fassara kalma bayan kalma, sannan ɗalibin ya koma gida ya yi ta maimaitawa da rerawa har baitocin su zauna masa. Daɗewar wannan al'ada ta bayyana a Katsina, inda Wali Ɗanmasani ya rubuta sharhi a kan Ishiriniya tun ƙarni na 17. Sakamakon haka shi ne ɗalibi yakan shafe shekaru yana rera waƙa mai cikakken ma'auni kafin ya yi tunanin tsara tasa, ta yadda karin yakan riga ƙa'idarsa shiga kansa.

Ƙa'idar kuwa ita ce ilimin aruli, wato ilimin awon baiti, wanda Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8, ya fitar da karuruwa 15, daga baya aka ƙara ɗaya suka zama 16. Abin da ya sa wannan ma'auni ya zauna daram a Hausa shi ne harshen yana bambanta gaɓa marar nauyi, mai baƙi da gajeren wasali, da gaɓa mai nauyi, wadda take da dogon wasali ko take rufewa da baƙi, kamar yadda Larabci yake yi. A kalmar gida gaɓar farko marar nauyi ce ta biyu kuma mai nauyi, a kalmar malam kuwa duka biyun masu nauyi ne. Jeranta waɗannan gaɓoɓi bisa tsari guda a kowane ɗango, wato layi ɗaya na baiti, shi ne kari, kuma karuruwa irin su Kamil da Basiɗ da Wafir da Mutaƙarab da Ramal sun samu karɓuwa ƙwarai a wajen mawallafan Hausa. Amsa-amo, wanda malamai suke kira ƙafiya, shi ne sautin da ɗangaye suke ƙarewa da shi, kuma akwai babba wanda yake riƙe ƙarshen kowane baiti daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta, akwai ƙarami wanda yake sauyawa a cikin kowane baiti.

Wannan karatu bai tsaya a manyan birane kaɗai ba, kuma ƙasar Birnin Gwari, da ke yammacin Jihar Kaduna ta yau, hujja ce a kan haka. Tsohon garin yana kan hanyar fatake da ta haɗa Nupe da Zariya da Kano, hanyar da Bature matafiyi Hugh Clapperton ya bi ya ratsa ta garin a 1826, kuma duk inda ayari yake yada zango, malamai da littattafansu sukan sauka tare da shi. A nan aka yi Malam Muhammadu na Birnin Gwari, mawallafin waƙar wa'azi da aka sani da Billahi Arumu. Masana sun sha bamban a kan zamaninsa, domin wasu suna lissafa shi cikin malaman ƙarni na 18 da suka gabaci jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wasu kuma suna ajiye shi a ƙarni na 19. Lokacin da Charles Henry Robinson, wanda ya zauna a Kano tsakanin 1894 da 1895, ya buga tarin rubuce-rubucen ajami a Ingila a 1896, akwai waƙar da aka danganta ga wannan malami a cikinsa. Wannan ya nuna cewa waƙar da aka tsara a garin da daji ya kewaye ta yi tafiya daga hannu zuwa hannu har ta zama abin da baƙo zai iya samu a kwafe.

Zamanin jihadi shi ne ya mayar da waƙa babbar hanyar karantar da jama'a. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a 1754 ya rasu a 1817, da ƙanensa Abdullahi, da 'ya'yansa da almajiransa, sun rubuta littattafai da Larabci domin malamai, sannan suka zuba saƙon cikin waƙoƙin Fulatanci da na Hausa domin makiyayi da manomi da matar kulle, saboda abin da aka rera yakan zauna a ƙwaƙwalwar wanda bai iya karatu ba. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta fi kowa tsara wannan aiki, ta hanyar ƙungiyar 'Yan Taru. Takan naɗa dattijuwa ta ba ta muƙamin jaji, ta ɗora mata malfa, jajin kuma ta jagoranci matan ƙauyensu zuwa wurinta, su haddace waƙoƙi, su koma su koyar da na gida. Daga cikin abin da ta tsara domin masu fara koyo akwai gajeriyar waƙa da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114. Ta wannan hanya dubban mata suka san karin waƙa da ma'anarta ba tare da sun taɓa riƙe alƙalami ba.

A gidan Shehu ne kuma aka fi ganin dabaru biyu da suka zama matakala ga mai son fara rubutu, wato fassara da tahamisi. Tahamisi shi ne a ɗauki waƙa ƙwar biyu, mai ɗango biyu a kowane baiti, a ƙara ɗango uku a gaban kowanne har ta zama ƙwar biyar, ba tare da an karya kari ko an kauce wa ma'ana ba. Waƙar Tabbat Haƙiƙa misali ce bayyananniya, domin Shehu ya tsara ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ƙanenta Isa kuma ya yi mata tahamisi. Manyan masana ne suka yi wannan aiki, amma amfaninsa ga ɗan koyo a fili yake, tun da yana samun kari da amsa-amo da jigo a shirye, abin da ya rage masa kawai shi ne ya nemo kalmomin da za su zauna kusa da na magabaci ba tare da sun kunyata shi ba. Haka nan al'ada ta tanadar masa mabuɗi da marufi, domin yakan fara da sunan Allah da salatin Annabi, ya rufe da addu'a, wani lokaci ya ambaci sunansa da adadin baitocinsa, ya kuma saka ramzi, wato shekarar da aka gama waƙar a ɓoye cikin haruffa bisa lissafin hisabi. Yaɗawa kuwa tana hannun masu kwafa da tawada, da almajirai, da makafi masu bara, waɗanda suka riƙe dogayen waƙoƙin wa'azi da na bege a ka suna rerawa a kasuwanni da ƙofofin gidaje.

Zuwan boko da na'urar ɗab'i ya faɗaɗa wannan fage, ya kuma kawo wata matsala da har yau ɗan koyo yake fama da ita. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939 ƙarƙashin editancin Abubakar Imam, ta ba mawallafa filin da waƙarsu za ta kai garuruwa masu nisa cikin ɗan lokaci, hukumar buga littattafai ta NORLA kuma ta buga tarin Waƙoƙin Hausa a 1957. Jigogi suka yawaita, inda Sa'adu Zungur ya shigar da siyasa cikin waƙa da Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, Mu'azu Haɗeja kuma ya yi ta gargaɗi a kan ilimi da gyaran hali. Matsalar ita ce rubutun ajami yana nuna dogon wasali da harafi, rubutun boko na yau da kullum kuwa ba ya nunawa, saboda haka wanda ya tashi da boko kaɗai ba ya ganin nauyin gaɓa a takarda, dole sai ya ji shi da kunne. Tarihin Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rayu daga 1894 zuwa 1990, ya tabbatar da fifikon kunne a wannan sana'a, domin makaho ne tun yana ƙarami, amma ya tsara Imfiraji, wadda take cikin waƙoƙin da suka fi yaɗuwa a ƙasar Hausa, kuma ya ɗora ta a kan karin da ya samo daga kiɗan caji na mawaƙan baka.

Mataki na gaba shi ne ƙungiyoyin mawallafa da suka bunƙasa a Kano a shekarun 1960 da 1970, musamman Hikima ta Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta Aƙilu Aliyu. Mudi Sipikin kansa ya yi gogayya da na gaba da shi, domin ya mayar wa Sa'adu Zungur martani da waƙar Arewa Jumhuriya Kawai. Waɗannan ƙungiyoyi sun haɗa malamai da ma'aikata da 'yan kasuwa, suka zama sabon zaure inda sabon shiga zai karanta abin da ya rubuta a gaban waɗanda suka fi shi, kafin a kai ga rerawa a gidan rediyo. Rediyo kuwa ya mayar da waƙa ga asalinta na abin saurare bayan ɗab'i ya so ya kulle ta a shafi. Mata ma sun samu shiga, kamar Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu, waɗanda aka tattara waƙoƙinsu a littafin Alƙalami a Hannun Mata a 1983.

A daidai wannan lokaci jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato suka mayar da fahimtar waƙa fannin karatu mai ƙa'idoji. Ɗalhatu Muhammad ya shirya diwanin Aƙilu Aliyu mai suna Fasaha Aƙiliya wanda aka buga a 1977, Muhammadu Kabir Galadanci ya yi bayanin dangantakar arulin Larabci da waƙar Hausa, Abdulƙadir Ɗangambo kuma ya shimfiɗa hanyar da ya kira feɗe waƙa, inda ɗalibi yake bin jigo, wato saƙon da waƙa ta ginu a kansa, da zubi da tsari, wato siffar baitoci da kari da amsa-amo, da kuma salo, wato dabarun sarrafa harshe irin su kamance da siffantawa da jinsintarwa. Wannan ya ba dubban ɗalibai harshen da za su yi magana a kan waƙa da shi, sai dai nazarin da ake yi domin cin jarrabawa yakan tsaya a ido, ta yadda ɗalibi zai iya lissafa sunayen karuruwa alhali bai taɓa rera baiti guda a kan ɗayansu ba.

A yau wayar hannu ta rushe kusan duk shingen da yake tsakanin mai rubutu da jama'a, domin matashi yana iya tsara baitoci da safe ya sa su a Facebook ko ya rera su ya tura ta WhatsApp kafin azahar. Wannan alheri ne babba, musamman a yankuna irin su Kazage da sauran gundumomin Birnin Gwari, inda shekarun ta'addancin 'yan bindiga a dazuzzuka suka tarwatsa ƙauyuka, suka katse karatun yara, suka kuma sa bin hanya ya zama kasada. Mutanen da suka ga irin wannan rayuwa suna da abin faɗa, kuma waƙa tun zamanin jihadi ita ce ma'ajiyar da Bahaushe yake zuba wa'azi da ta'aziyya da tarihi. Illar da ke tattare da sauƙin yaɗawa ita ce ya riga gyara zuwa, domin a da sai waƙa ta ratsa kunnen malam ko na 'yan ƙungiya kafin ta fita, yanzu kuwa yabon abokai yakan iso kafin a samu mai cewa ɗango na uku ya karye.

Abin da ya kamaci masu kishin wannan fanni, daga malaman Hausa na sakandare zuwa ƙungiyoyin marubuta da gidajen rediyo, shi ne su mayar wa ɗan koyo da matakan da suka ɓace masa. A sa shi ya saurari tsofaffin waƙoƙi ana rerawa har ya haddace wasu, a ba shi baitin magabata ya gwada yi masa tahamisi, a kuma samar masa da majalisa, ko a zaure ko a waya, inda wanda ya san kari zai gaya masa gaskiya cikin mutunci. Ba a rasa masu baiwa a kowane zamani ba, kuma nauyin horar da na wannan zamani yana wuyan waɗanda suka riga su sanin awon baiti.