Bakolori: Alamomin da Ruwa Ya Haɗiye da Na'urar da Ke Tsoron Ruwa

Kafin shekarar 1974, wanda zai tuƙa kwalekwale a Gulbin Sakkwato ta ɓangaren Maradun ba ya bukatar kowa ya nuna masa hanya. Gaɓar kogi ita ce taswirarsa. Tsamiyar mashigi, giginyar da ta karkata, gaɓar da ruwa ya zaizaye, duk ya haddace su tun yana yaro a bayan mahaifinsa. In dare ya yi kuwa, ga Kaza da 'ya'yanta, ga Gamzaki da asuba.

A wannan shekara kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya fara gina madatsar ruwa ta Bakolori, aka kammala ta a 1978. Tafkin da ya taru ya mamaye kimanin hekta 8,000, domin a shayar da gonakin rani har Talata Mafara da Bakura. An fi tuna wannan aiki da abin da ya faru a watan Afrilu na 1980, lokacin da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa manoman da suka tare hanyoyi suna neman diyyar gonakinsu, aka rasa rayuka masu yawa. Haƙiƙa ya cancanci tunawa. Sai dai akwai wata asara da ba ta shiga takardun diyya ba: ruwa ya haɗiye alamomin hanya. Itatuwan da dā ake duba su a san inda ake, suka koma kututture a ƙarƙashin ruwa, masu fasa cikin jirgi. Masunci ya wayi gari a tsakiyar faffaɗan ruwa, inda hazon hunturu kan ɓoye masa gaɓa ɗungurungum.

Abin mamaki, a shekarun nan ne ake haɗa maganin irin wannan matsala a wata duniyar. A watan Fabrairu na 1978 Amurka ta harba tauraron ɗan'adam na farko na tsarin GPS, mai nuna wa mutum inda yake a doron ƙasa. A 1989 kamfanin Magellan ya fito da na'urar hannu mai karɓar saƙonsa, masu ƙananan jiragen teku suka rungume ta. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, daga bisani wannan fasaha ta shige cikinta, ta iso aljihun talaka.

To amma ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma ba abokin lantarki ba ne. Saboda haka tun 1976, ana tsakar gina Bakolori, hukumar ƙasa da ƙasa mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki ta fitar da ma'aunin da ake rubutawa a jikin na'ura, irin su IP67. Lamba ta farko tana magana a kan ƙura, shida kuwa na nufin ƙura ba ta shiga. Ta biyu a kan ruwa take: bakwai na nufin na'urar ta jure zurfin mita ɗaya na minti talatin. A ganina, mai saye kan karanta wannan alƙawari da faɗin da bai kai ba. Gwajin fa a ruwa mai tsabta, mara motsi ake yin sa, da sabuwar na'ura. Masu tuƙi a teku sun daɗe da gane cewa gishiri na cinye bakin caji ko da lambar na nan daram. A Zamfara babu gishirin teku, amma akwai zafin bazara mai busar da robar da ta toshe kafofi, akwai laka, akwai kuma mai gyara a kasuwa wanda da zarar ya buɗe waya ya mayar, mannen asali ya tafi ke nan. Ga shi lambar ba ta ce na'urar za ta yi iyo ba. In ta suɓuce a tsakiyar tafki, sai ƙasa.

Ko da ta tsira, taswirar da ke cikinta shuɗin launi kawai take nunawa a gurbin Bakolori. Ba ta san inda tsohuwar tsamiyar mashigi take kwance ba. Wannan sani yana ƙwaƙwalwar dattawan da suka taka wurin da ƙafa kafin 1978, waɗanda yanzu ƙaraminsu ya haura hamsin. Matashin masunci kan ƙulle wayarsa a leda ya rataya a wuya, amma hanyar da yake kauce wa kututture daga bakinsu ya ji ta.