Sanin Ƙarshe da Rabon Alhaki: Nazarin Fim ɗin Obsessed (2009) Daga Mahangar Mai Kallo Bahaushe

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci fim ɗin Obsessed, wanda aka fitar a Amurka a 2009, a matsayin misali na finafinan sha'awa da fargaba waɗanda mai kallo kan hango ƙarshensu tun ba a yi nisa ba. An bi hanyar nazarin matani, aka auna fim ɗin da magabacinsa Fatal Attraction (1987) da kuma littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne (1990), tare da la'akari da mai kallo na garuruwa irin su Agwada da ke yankin Keffi a jihar Nasarawa. Maƙalar ta nuna cewa sanin ƙarshe, wanda masu sharhi suka fi kushe fim ɗin a kansa, yana daga cikin abubuwan da suka riƙe shi. Rauninsa na gaskiya yana ga yadda aka wanke namiji tas, aka jibga wa baƙuwar mace laifin duka ba tare da an ba ta asali ko dalili ba.

Gabatarwa

Mai kallon fim a Agwada, ko a Keffi da sauran garuruwan yammacin Nasarawa, yana zaune ne a mahaɗar kasuwanni uku. Daga arewa finafinan Kano suke zuwa masa, daga kudu na Legas da Asaba, sannan ga na Amurka da Indiya da ake tura masa a waya a shagon masu caji, ko ya sauke da kansa idan data ta samu. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ikonta bai wuce iyakar Kano ba, kuma Nasarawa ba ta cikin jihohi 12 da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci. Ita kuwa hukumar tace finafinai ta tarayya, da aka kafa a 1993, ba ta da hanyar leƙa abin da ke cikin memorin wayar mutum. Ta haka nau'in fim ɗin da Kannywood ba ta yi yake isa ga masu jin Hausa, kuma bai dace manazarta su kawar da kai daga gare shi don kawai ba a gida aka shirya shi ba.

Abin da ake nufi da fim ɗin sha'awa da fargaba shi ne labarin da sha'awar da ta kauce hanya take zama silar haɗari: magidanci ko matar aure su haɗu da baƙo, a shaƙu ko a nemi shaƙuwa, daga nan bibiya ta fara, sai barazana, sai jini. An zaɓi Obsessed ne saboda a cikin danginsa shi ya fi kusa da abin da za a iya bayarwa da Hausa. Babu tsiraici a cikinsa, kuma zinar ma ba ta auku ba.

Ayyukan Magabata da Ra'in Bincike

Linda Ruth Williams (2005) ta yi cikakken littafi a kan wannan nau'i, inda ta danganta bunƙasarsa da zuwan bidiyon gida, wanda ya ba mutum damar kallon abin da zai ji nauyin kallo a bainar jama'a. Wannan bayani ya ƙara ƙarfi a zamanin waya, da allon kallo ya koma tafin hannu. Susan Faludi (1991) ta karanta Fatal Attraction a matsayin martani ga macen da ta fita aiki ta tsaya da ƙafarta. A ɓangaren gida, Brian Larkin (1997) ya nuna yadda Hausawan Kano suke kallon finafinan Indiya suna auna su da matsalolinsu na soyayya da auren dole, Abdalla Uba Adamu kuma ya daɗe yana bin sawun yadda finafinan Hausa suke aro daga waje suna sake wa abin da suka aro kama.

Ra'in da aka ɗora nazarin a kai shi ne na John Cawelti (1976), wanda yake ganin labaran da ke bin sanannen zubi suna gamsar da mai karatu ta hanyar cika masa abin da yake tsammani. An haɗa shi da bambancin da Alfred Hitchcock ya yi, a hirarsa da François Truffaut, tsakanin ba-zata da zullumi: idan bam ya tashi ba wanda ya san da shi, mai kallo zai razana na ɗan lokaci, idan kuwa an nuna masa bam ɗin tun farko, zai zauna cikin ɗar-ɗar har ya tashi.

Zubin Labarin

Steve Shill ne ya ba da umarni, David Loughery ya rubuta. Derek Charles (Idris Elba) babban ma'aikaci ne a kamfanin juya dukiya, ya tare a sabon gida da matarsa Sharon (Beyoncé Knowles) da ƙaramin ɗansu Kyle. Aka kawo Lisa (Ali Larter) ofis a matsayin ma'aikaciyar wucin gadi. Ta ƙyalla ido a kansa. A walimar Kirsimeti ta ofis ta bi shi har makewayi, ya ƙi. Ta shiga motarsa, ya kore ta. Ta bi shi wurin taron kamfani, ta zuba masa magani a abin sha, daga baya ta sha ƙwayoyi a kan gadon ɗakinsa na otal don ta kashe kanta. A asibiti Sharon ta fara jin labarin, ta kore shi daga gida na watanni. Bayan sun shirya, Lisa ta yaudari mai renon yaro ta shiga gidan ta ɗauke Kyle na ɗan lokaci. Daga ƙarshe matan biyu suka gwabza a cikin gidan, Lisa ta rufto daga saman rufi, fitilar ado ta faɗo mata, ta mutu.

An kashe kimanin dala miliyan 20 wajen shirya shi, ya kawo fiye da miliyan 70, ya kuma zo na ɗaya a Amurka a makon da ya fito, duk da cewa mafi yawan masu sharhi sun kushe shi.

Abin da Fim ɗin Ya Yi Daidai

Tazarar da ke tsakanin hukuncin masu sharhi da cincirindon masu kallo ita ce abin lura na farko. Masu sharhi sun ce kowa ya san inda labarin zai ƙare. Haka ne, kuma tallar fim ɗin ma ba ta ɓoye ba: an sayar da shi ne da alkawarin faɗan matan biyu. Amma wanda ya tashi da tatsuniya ya san cewa sanin ƙarshe ba ya kashe labari. Yaron da ake ba labarin Gizo ya san Gizo zai yi ha'inci, ya san asirinsa zai tonu, kuma idan mai ba da labarin ta sauya ƙarshen, shi zai fara gyara mata. Abin da yake jira shi ne ta yaya, da kuma yaushe. Haka mai karanta littattafan soyayya na Kano, haka mai kallon fim ɗin kishiya. A ma'aunin Hitchcock, Lisa ita ce bam ɗin da aka nuna tun a lif ɗin ofis inda suka fara haɗuwa da Derek, kuma duk wata gaisuwa da murmushi da suka biyo baya suna da nauyi ne saboda mai kallo ya riga Derek sani.

Abu na biyu, kashin farko na fim ɗin ya iya nuna yadda ɓarna take shigowa da kaɗan-kaɗan. Derek ya tarar da Lisa tana kuka a ɗakin cin abinci na ofis, ya zauna ya lallashe ta, ya yaba mata. Ba laifi ba ne a doka, amma duk mai aure ya san a nan ƙofa take fara buɗewa. Sharon da kanta a ofis ɗin ta yi masa aiki kafin su yi aure, shi ya sa hankalinta bai kwanta da wata mace a teburinsa ba. Da ya dawo gida da niyyar faɗa mata abin da Lisa take yi masa, sai ya tarar tana jimamin cin amanar da aka yi wa 'yar'uwarta, ya haɗiye maganarsa. Wannan shiru shi ne mafi kyawun abin da marubucin ya ƙulla, domin shi ya jawo rabuwarsu, kuma kowane magidanci zai gane shi. Idris Elba ya taka wannan rawar da natsuwa, fuskarsa tana nuna mutumin da yake lissafin abin da zai rasa.

Faɗan ƙarshe kuwa ya cika alkawari, har ya ci kyautar MTV ta faɗa mafi kyau a 2010. Uwargida ce ta kare gidanta da hannunta, mijin da 'yar sandan da ke binciken lamarin ba su iso ba sai da aka gama.

Inda Ya Gaza

Matsalar tana bayyana idan aka ajiye shi kusa da Fatal Attraction na Adrian Lyne, wanda daga shi ya ɗebo zubinsa. A can, lauya Dan Gallagher (Michael Douglas) ya aikata laifin da gangan lokacin da iyalinsa suka yi tafiya, Alex Forrest (Glenn Close) ta ce masa tana da ciki, kuma da yawa daga abin da take faɗa masa gaskiya ne: ba zai yi amfani da ita ya jefar ba. Tsoron da ke cikin wancan fim daga alhaki yake tasowa. Ko a can ɗin ma an ja da baya. A ƙarshen da aka fara ɗauka, Alex ce ta kashe kanta da wuƙar da ke ɗauke da zanen yatsun Dan, aka kama shi. Masu kallon gwaji ba su so haka ba, sai aka sake ɗauka, matar Dan ta harbe Alex a banɗaki, duk da cewa Glenn Close ta yi jayayya da sauyin. Fim ɗin ya samu fiye da dala miliyan 300, aka sa shi takarar Oscar a rukuni shida, amma an sayi wannan nasara ne da sauke wa namiji rabin kayansa.

Obsessed ya sauke sauran rabin. Derek bai yi komai ba, don haka babu abin da zai tuba a kai, babu abin da zai koya in ban da ya riƙa faɗa wa matarsa magana da wuri. Da aka cire laifin namiji, dole a nemo wa labarin wani injin, sai aka ɗora komai a kan haukar Lisa. Amma wace ce Lisa? Ba a nuna gidansu ba, ba a nuna abin da ya same ta a baya ba, 'yar'uwarta ma a baki kawai aka ambace ta. Littafin sirrinta da 'yar sanda Monica Reese ta karanta cike yake da soyayyar da ba ta auku ba, alamar ciwon ƙwaƙwalwa da ke buƙatar likita, amma fim ɗin bai tsaya ya dube shi a matsayin ciwo ba. Macen da ta yi yunƙurin kashe kanta an mai da ita dodon da ake jira a ga faɗuwarsa a yi tafi. Wannan abu ne da ya kamata ya dami mai nazari, musamman a al'ummar da har yanzu ake ɗaure masu taɓin hankali da mari.

Akwai kuma batun launin fata. Ma'auratan baƙaƙe ne, Lisa Baturiya ce, a ƙasar da zargin baƙin namiji da taɓa farar mace ya sha jawo kisan gilla a tarihinta. Derek yana cikin haɗarin da ya fi na rasa aiki, amma ba wanda ya furta wannan ko sau ɗaya a fim ɗin. An bar abin da zai ba labarin zurfi a bakin ƙofa.

Ma'aunin Gida

Mai kallo Bahaushe yana da abin da zai auna wannan da shi. A Alhaki Kuykuyo Ne, Balaraba Ramat Yakubu ta ba da labarin Rabi, uwar 'ya'ya tara, wadda mijinta Alhaji Abdu ya auro Delu, tsohuwar karuwa, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Kayan labarin iri ɗaya ne da na Obsessed: gida, uwargida, da macen waje mai haɗari. Ƙarshensa ma ba ɓoyayye ba ne, sunan littafin ya riga ya sanar da shi. Bambancin yana ga rabon alhaki. Delu ba ta faɗo daga sama ba, Alhaji Abdu ne ya je ya nemo ta, shi ya hana iyalinsa abinci yana kashe mata kuɗi, kuma shi gobarar kasuwa ta tsiyata, Delu ta ci amanarsa. Rabi kuwa ba da dambe ta yi nasara ba, da sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta har ta aurar da 'yarta Saudatu.

Wannan yana da amfani ga masu shirya finafinan Hausa. Ƙa'idar tace finafinai a Kano ta hana namiji da mace taɓa juna a fim, kuma korar da ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta yi wa Rahama Sadau a 2016, saboda bidiyon waƙa da ta fito da mawaƙi ClassiQ, ta nuna yadda masana'antar take tsaron wannan iyaka. Sai dai ƙa'idar jiki ta shafa. Ba ta hana a nuna magidancin da ya buɗe ƙofa da kansa ba, ba ta kuma tilasta a mai da kowace kishiya ko budurwar waje mai bin boka marar dalili ba. Inda finafinan Hausa suka yi hakan, kuskuren Obsessed suka maimaita ba tare da sun kalle shi ba.

Ko littafin Balaraba bai bar uwargida ta fita salin-alin ba. Bayan Alhaji Abdu ya rasa komai, manya da dangi suka matsa wa Rabi ta koma masa, ta koma ba da son ranta ba, ta ci gaba da ɗaukar nauyin gidan har da shi a ciki. Marubuciyar ba ta kawo wannan a matsayin farin ciki ba, kuma mai karatu yana rufe littafin da tambayar ko an yi wa Rabi adalci. Irin wannan tambayar ce Obsessed ya toshe wa hanya da ya kashe Lisa ya bar Derek da hannu mai tsabta.