VPN na kyauta: wa ke biyan kuɗin?



Da yawanmu ba mu taɓa jin kalmar VPN ba sai ranar 5 ga Yuni, 2021, da aka wayi gari Twitter ya ƙi buɗewa a layukan waya na Najeriya. Kwana ɗaya kafin nan ministan yaɗa labarai, Lai Mohammed, ya sanar da dakatar da shafin, bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Buhari. Ministan shari'a, Abubakar Malami, ya ce za a gurfanar da masu karya umarnin. Duk da haka jama'a suka yi ta sauke VPN, galibi na kyauta, har aka ɗage dakatarwar ranar 13 ga Janairu, 2022.

Asalin abin ba don kauce wa gwamnati aka yi shi ba. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanin Microsoft da wasu abokan aikinsa suka fito da tsarin PPTP, domin ma'aikaci ya shiga kwamfutocin ofishinsu daga nesa. Aikinsa kamar bututu ne rufaffe: bayananka su fita daga wayarka a kulle, su isa kwamfutar mai VPN, daga can su wuce inda ka nufa. Kamfanin layinka ba zai ga shafukan da kake shiga ba, amma mai bututun yana gani. Wato amana ce ka karɓe daga hannun wani ka danƙa wa wani.

Kuma tarihin wannan amanar ba shi da daɗin ji. A 2015 aka gano cewa Hola, wadda miliyoyin mutane ke amfani da ita kyauta, tana sayar da layin intanet ɗin masu amfani da ita ta wani reshenta mai suna Luminati. Baƙon da ba ka sani ba zai yi harkarsa ta adireshinka, in ɓarna ya yi, sawunka za a gani. Facebook kuwa ya sayi Onavo a 2013, ya riƙa tallata ta a matsayin kariya, alhali da ita yake leƙen manhajojin da mutane suka fi buɗewa. An cire ta daga shagon Apple a 2018, aka rufe ta a 2019. Wani bincike na 2016, wanda hukumar kimiyya ta Ostareliya, CSIRO, ke cikinsa, ya duba manhajojin VPN 283 na Android, ya tarar kashi 18 cikin ɗari ba sa ma kulle bayanan kwata-kwata. Ajiye kwamfutoci a ƙasashe da dama kuɗi ne, in ba daga aljihunka ya fito ba, to a tambayi daga ina.

Ba cewa nake mai tsada shi ne nagari ba. Mullvad na ƙasar Suwidin yuro 5 yake karɓa a wata tun 2009, ba ya neman sunanka ko imel, lamba kawai zai ba ka. A Afrilun 2023 'yan sanda suka je ofishinsa da takardar bincike, kamfanin ya ce sun tafi ba su ɗauki komai ba, domin ba ya ajiye bayanan abokan cinikinsa. Ni dai irin wannan gwajin ya fi min duk wani talla. Wanda yuro 5 ta yi wa nauyi, kuma a canjin yau ba laifinsa ba ne, akwai Proton na Suwizalan, mai sashen kyauta da masu biya ke ɗaukar nauyinsa. Marubucin da ke tura littafinsa ko hirar da ya yi da wani ta wayafai ɗin otal ko makaranta, gara ya duba waye mai kamfanin, a wace ƙasa yake, kuma ko masu bincike na waje sun tantance iƙirarinsa.

Akwai kuma inda VPN ba ya kaiwa. A Satumbar 2021, ana tsaka da rikicin Twitter, hukumar NCC ta umarci a katse sadarwar waya a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya abin ya shafi sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. A can ba shafi aka toshe ba, layin ne gaba ɗaya aka kashe, mai VPN da marar shi duk sai sun yi tafiya zuwa inda akwai sabis kafin su aika saƙo.